Rezar da Na Sa wa Waƙar Inna Kulu

Kai Nuhu, rage muryar abin nan, magana nake. Ku kuma ku matso. Tun ɗazu ina jin ku kuna dariya, wai sana'ar kaset ba sana'a ba ce, wai danna jan maɓalli ne kawai mutum ya koma ya sha shayinsa. To madalla. Ku da kuke tura waƙa ɗari cikin kartin ajiya na salula kafin mai ita ya gama ɗaure takalminsa, dole ku faɗi haka. Amma tunda kun taɓo ni, sai kun ji, kuma ba wanda zai tashi sai na kai aya.

Ni Idi, a wajen Malam Zakari na koyi aiki, a wata rumfar kwano da ke bayan tashar manyan motoci, nan Gaya ta bakin iyaka. Shekara guda cur bai bar ni na ɗauki muryar ko akuya ba. Aikina goge kan rediyo da auduga da alkol, da naɗe zaren kaset da bik, wato biro, idan inji ya tauna shi, da kinkimar batirin mota in kai caji, domin wutar kuran a lokacin sai ranar da ta ga dama. Malam Zakari mutum ne marar yawan magana, amma hannunsa na da sauri. In ya ga allurar inji ta shiga ja ban rage ba, sai dai in ji ranƙwashi. Shi ya koya mini a sa wa mikoro safa in ana iska, a kori kaji kafin a fara, kada a zaunar da mai waƙa kusa da bangon kwano. In zare ya tsinke, a daidaita bakin biyu a kan madubi, a yanka da reza a karkace, a haɗa da ɗigon jan farce, a jira ya bushe. Ranar da ya miƙa mini rezar, abu ɗaya ya faɗa: "Idi, ka yanka duk abin da kake so, amma reza ba ta hawa uwar kaset." Uwar kaset ita ce ta farko, wadda aka ɗauka daga bakin mai waƙa, daga gare ta ake juye sauran. Da an gama ɗauka ake karye mata kunne don kada wani ya yi kuskuren ɗora wani abu a kai, a sa ta a akwati.

Masu sayenmu yawanci direbobi ne. Mota za ta taso daga Kwatano ta kwana huɗu a layin duwan, wato kwastan, direba ya gaji da barci, ya gaji da faɗa da ƴan kamasho, sai ya zo ya ce a ba shi abin da zai raka shi har Yamai. Akwai masunta, akwai ƴan kasuwar Malanbil da ke tsallako gada. Akwai kuma mata masu zuwa a ɗauki muryarsu, a aika wa miji da ya yi shekara biyu yana ci-rani a kurmi. Waɗannan sai ka danna musu inji ka fita waje ka ba su wuri. Na sha dawowa in tarar da kaset ta ƙare, mace ba ta sani ba, tana ta magana.

Kada ku ɗauka ni maƙiyin dokar haƙƙin mai waƙa ne. Wallahi ina cikin waɗanda suka yi mata addu'a kafin ta zo. Akwai wani mai goge daga Yelu, Ɗan Bagudu muke ce masa. Bayan na buɗe rumfata, kwana uku muka yi muna ɗaukar kiɗansa, ya sayar da tunkiyarsa ya biya ƴan amshi. Muka yi da shi duk kaset da ta fita yana da rabonsa. Ba a yi kwana goma ba sai ga kiɗan nan a kwali-kwali daga ƙetare, an juye, an manna hoton wani mutum daban, ana sayarwa ƙasa da kuɗin kaset marar komai. Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Kaya suka kwanta, zafi ya narka mini rabinsu, na sayar da babur. Shi kuwa Ɗan Bagudu ya rataye gogensa ya koma ƙodago a gonakin shinkafa. Na je na same shi a fadama na ce mu sake wata. Ya ɗago, laka har gwiwa, ya ce, "Idi, in sake don wa?" Bai sake ba har ya koma ga Allah.

To kun ga amfanin dokar ke nan, kuma iyakarta ke nan a wurina. Wanda ya yi gumi ya ci guminsa, don gobe ya samu ƙarfin yin wata, mu kuma mu samu abin saurare. Ya ci, ƴaƴansa su ɗan taɓa, daga nan abin ya koma hannun jama'a inda ya fito, domin ba mawaƙin da ya faɗo daga sama da waƙarsa. Da aka fara zancen rajista, ni na riƙa bin mawaƙan yankin nan ina cewa su je su rubuta sunansu. Na daina juye kaset ɗin mutum sai da yardarsa, abokan sana'a suna ce mini wawa. Ban san dokar da aka kawo don ta tsare irin su Ɗan Bagudu za ta yi ƙiba har ta koma cin su ba.

Yanzu ku saurari zancen Inna Kulu, don ita ce ta sa ba na iya jin dariyarku.

Inna Kulu mutuniyar Bengu ce. Ba mawaƙiyar biki ba ce mai bin masu kuɗi. Waƙa guda take da ita, doguwa, wadda mata ke yi idan sun taru sussukar gero bayan kaka, tabarya na sauka tana ba da kiɗa. Direbobi ne suka dame ni da zancenta, sai na ɗaura inji da batir a bayan keke na tafi. Na kai mata goro, don haka al'adar take. Duk mai son waƙar, goro zai kawo, ko ƙwarya ko guda biyar, a ba shi. Ba a taɓa hana kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ta faɗa mini shi tun kafin in kwance kaya. Ta ce, "Ɗan nan, waƙar nan tana da sallama. Ba a shiga cikinta sai an ambaci masu ita."

Sallamar kuwa ita ce, kafin tabarya ta fara sauka, sai ta tsaya ta jero sunaye da murya marar kiɗa. Ni Kulu ta Bengu, na karɓa daga Bibata, Bibata daga Dommo, Dommo daga Gambi mai rijiya, haka har mace bakwai, kowace da garinsu da ɗan abin da aka san ta da shi, kowace a roƙa mata gafara. Sannan mata su ce amin, sannan a fara. Na ɗauka duka, tsaf, a kan kaset ta casa'in. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har kana jin numfashin masu daka.

Da na dawo rumfa na auna, sai ga matsala. Fuskar kaset ta sittin minti talatin take ɗauka, waƙar da sallamarta ta haura da kusan minti uku. In na juye, ƙarshen waƙar ya yanke. Kaset ta casa'in ta fi tsada kuma zarenta siriri ne, rediyon mota na tauna shi. Na gwada wa wani direba, yana jin jerin sunayen nan ya ce, "Kai Idi, waƙa na zo saye ko karatun gado?" Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in riƙa wuce sallamar da hannu duk sanda zan juye, uwar kaset ta zauna yadda take. Amma hakan na nufin tsayawa a kan kowace kaset, ni kuwa ga layin mutane. Sai na ɗauko madubi da reza. Na kwance uwar kaset, na yanke sallamar, na haɗa da jan farce. Zaren da na cire na dunƙule shi na jefa a kwata. A bayan kaset na rubuta da bik: Dakan Bengu. Ko sunanta ban sa ba. Malam Zakari yana raye a lokacin, ban faɗa masa ba.

Ta sayu, ba ƙarya. Kuma na kai wa Inna Kulu rabonta, da atamfa da sukari duk azumi, ina ganin na fita haƙƙinta. Gidansu ba rediyo, ba ta taɓa jin kaset ɗin ba.

Bayan wasu shekaru wani baƙo ya tsaya a rumfata, motarsa na jiran takardu a gada. Mai tabarau ne, da Hausa a bakinsa kaɗan-kaɗan, sauran Faransanci. Ya ji waƙar tana tashi, ya tsaya cak. Ya ce ta wace ce? Ku ji amsar da na ba shi, ni da bakina, ina washe haƙora don baƙo ya yaba kayan garinmu. Na ce, "Ai wannan ta gargajiya ce, ba ta kowa ba ce." Na sa aka kawo masa fura. Ya ciro kuɗi na ce haba, baƙo ne kai, na ba shi kyauta. Ya yi godiya ya tafi, ban ko tambayi sunansa ba.

A wurinmu in an ce abu ba na kowa ba ne, ana nufin na kowa da kowa ne, kamar rijiyar bakin hanya. A wurinsu kuwa ana nufin wanda ya riga ɗauka shi ne mai shi. Wannan ban gane shi ba sai da furfura ta cika mini kai.

Kaset ta mutu, faifai ya zo ya wuce, aka shiga zamaninku. Ni na koma gyaran rediyo da juye tsofaffin kaset a ordinata, wato kwamfuta, ga masu son muryar iyayensu. Shekara biyu da suka wuce aka yi auren jikar Inna Kulu a Bengu. Nuhu ga shi nan zaune, shi aka ɗauka ya yi bidiyon, in na yi ƙarya ya tsayar da ni. Matan gidan suka fito da turame suka yi waƙar don a faranta wa tsohuwa, ita kuma aka zaunar da ita a tsakiya, ido ya tafi, amma ta ja musu baki. Nuhu ya ɗora a shafin nan da kuke ɗora bidiyo, don dangin da ke Kwatano da Legas su gani. Kafin la'asar saƙo ya shigo da Faransanci. Wai sautin da ke cikin bidiyon mallakar wani kamfani ne a ƙasar waje, an kashe muryar wurin.

Nuhu ya kawo mini, ya nemo abin da suke cewa nasu ne, ya kunna. Na ji ganguna na inji, na ji wani saurayi yana ihu, sai can ƙasa na ji tabarya. Sai muryar Inna Kulu. Ba wata ce ta kwaikwaya ba, ita ce, daga kaset ɗina. Har wani ɗan tari da wata mata ta yi a bayanta yana nan, na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Sun yanko muryar, sun ɗora kiɗansu, sun yi rajistar duka, har da karin waƙar. A wurin sunan mai ita an rubuta sunan kamfani da na wasu maza biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ku lura, ba mutum ne ya saurari bidiyon Nuhu ya yanke hukunci ba. Inji ne. An ba shi waƙar an ce ta wane ce, shi ke nan, duk inda ya ji mai kama da ita a duniya sai ya rufe mata baki. Bai san Bengu ba, bai san turmi ba, bai san wa ya riga wa ba. Wanda ya fara kai takarda shi ne uban waƙa. Kuma na tambaya, wannan mallakar tasu yaushe za ta ƙare? Aka ce sai bayan mutuwar waɗanda suka sa suna da shekaru masu yawa, kuma an sha ƙara wa'adin, ba a taɓa jin an rage ba. Wato jikokin jikar Inna Kulu za su tsufa waƙar kakarsu tana kulle. Don Allah wannan wane mawaƙi yake ƙarfafawa? Mamaci zai tashi ya yi sabuwar waƙa don an ƙara masa shekaru? Kamfani ne kawai ke ƙiba, shi da ba ya mutuwa.

Labari ya kai Bengu a karkace, kamar yadda labari ke zuwa. Ranar wata kasuwa sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofar rumfar nan, aka sauko da Inna Kulu. Ta lalubo benci ta zauna, nan inda kake zaune kai mai jar riga. Bayan gaisuwa ta ce, "Idi, an ce Turawa sun ce na saci waƙa."

Na ce, "Ba haka ba ne, Inna. Su ne suka ɗauka."

Ta ce, "To ai da sauƙi. Kai ka ɗauke ni tun ina da haƙora. Ka kunna musu kaset ɗin, su ji sallama. Sunana na ciki, da na Bibata, da na Dommo. In sun ji ai kunya za ta kama su."

Na tashi na buɗe akwati na ɗauko uwar kaset, na sa a inji. Tana fara juyawa sai tabarya. Ta karkata kai tana jira. Ta ce in mayar baya. Na ce nan ne farko. Na ciro kaset ɗin, na kama hannunta na ɗora yatsarta a kan zaren, daidai inda jan farcen ya bushe, na faɗa mata abin da na yi, da abin da na faɗa wa mai tabarau.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. Sannan ta ce, "Goro nawa ka kawo mini ranar nan?" Na ce ƙwarya guda. Ta ce, "Ban ce ya yi kaɗan ba. Abu ɗaya na roƙe ka."

Duk da haka muka kai kuka. Nuhu ya cika takardar da ke shafin, ni na faɗa yana rubutawa. Kun san wa aka tura wa ƙarar ya duba? Kamfanin da muke ƙara. Shi ne wanda ake tuhuma, shi ne alƙali. Suka ce mu kawo shaida a rubuce. Me gare ni? Kaset marar suna, marar kwanan wata, da rubutun bik da ya koɗe. Su kuwa suna da takarda da hatimi. Amsa ta dawo layi biyu, an ƙi. Aka ƙara da gargaɗi cewa in muka nace, shafin Nuhu na iya rufuwa, shi kuwa da shi yake ci da iyalinsa. Na ce ya bari. Wani ma'aikaci da na sani ya ce mini a dokar ƙasarmu kayan gargajiya ma suna da kariya. Na ce na ji, amma wa zai ɗauki tsohuwar Bengu ya kai ta ƙasar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba, ta yi shari'a da masu bene?

Ita ce ta kawo shawarar ƙarshe. Ta aiko aka ce in zo da inji. Na tafi da Nuhu don ya ɗauki bidiyo. Ta sa aka tara mata, aka jera turame a tsakar gida da hantsi, aka kori kaji. Na sa wa mikoro safa kamar yadda aka koya mini. Kafin ta fara ta juyo inda take jin motsina ta ce, "Wannan karon kada ka yanke." Na ce in Allah ya yarda. Ta miƙe tsaye, mata biyu na riƙe da ita, ta jero su duka bakwai, ba ta manta ko ɗaya ba, da garuruwansu. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma kowane suna ya fita. Aka ce amin, tabarya ta sauka. Ta kai waƙar har ƙarshe, ta zauna tana haki tana dariya. Ta ce a ɗora, duniya ta ji daga bakin mai ita.

Nuhu ya ɗora ba tare da ya taɓa ko daƙiƙa ɗaya ba. Washegari na koma Bengu da salularsa don ta ji da kunnenta. Muka zauna a inuwar rumbu, na kunna, na riƙe mata kusa da kunne. Ga muryarta, ni Kulu ta Bengu, na karɓa daga Bibata. Tana ji tana gyaɗa kai, leɓenta na bin sunayen. Aka zo kan ta bakwai, mata suka ce amin. Ni da nake kallon gilashin salular na ga tabarya ta ɗaga, na ga ta sauka, na ga bakin Inna ya buɗe. Ba sauti. Injin ya bar sallamar, don ba ya da ita a cikin abin da aka ba shi, ni na cire ta tun tuni. Waƙar kuwa ya gane ta, ya kashe. Minti talatin mata na daka, ba ka jin komai.

Ta jira. Ta girgiza salular kamar yadda ake girgiza rediyo in pil ya yi sanyi. Sannan ta ce, "Idi, ka sake yankewa?"

Na ce, "Wallahi ba ni ba ne, Inna."

Ta ce, "To wane ne? Faɗa mini sunansa, da garinsu, da wanda ya ba shi."

Ta rasu da daminar bara. Har aka binne ta ban samo mata sunan ba.

Uwar kaset tana cikin akwatin can, rezar tana kusa da ita. Nuhu, miƙo su, kowa ya sa yatsa ya taɓa wurin jan farcen kafin ku koma rumfunanku.